Vince Bakos da Kifin Kyanwa

Tun da Tünde ta bugo waya ta ce za ta zo ranar Lahadi, ta ƙara da cewa ita kaɗai ce, ba miji ba yara, Vince Bakos ya sha jinin jikinsa. 'Yarsa ba ta tuƙo mota daga birnin Szeged ita kaɗai don gaisuwa. Rabon da ta yi haka tun ranar da ta zo ta ɗauki uwarta zuwa asibiti, uwar kuwa ba ta dawo gidan ba.

Ya san abin da aka tanadar masa a can gidanta. Ɗaki ne a bene hawa na bakwai, an fitar da keken ɗinki an sa gado, tagarsa na kallon filin ajiye motoci. Bara aka nuna masa shi, aka ce ɗakin baƙi ne. Sai dai ya lura an kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, baƙi kuwa ba su cika buƙatar wannan ba.

Ya kuma san wadda ta kai rahoto: maƙwabciyarsa ce. Ya same ta a bakin shinge tana shanya.

"Etelka, me kika gaya wa yarinyar nan?"

"Ni? Ban ce komai ba. Tambayata ta yi me kake ci, na ce kifin rana. So kake in ce naman sa?"

"Da kin ce ba ki sani ba."

"Ƙaurin yana shigowa har ɗakin kwanana, in ce ban sani ba? Kyanwata ma ta daina gaishe ka, tun da ka shiga cin abincinta."

"Rediyon unguwa," in ji Vince.

"Gara rediyo da tsohon dogarin da ba shi da wanda zai kama."

A wannan ƙauye, da ke bakin wani tsohon hannun kogin Tisza wanda ruwa ya daina gudu a cikinsa, kifi hawa-hawa ne kamar mutane. Ponty ne a sama, ƙaton kifi mai faɗin gadon baya. Shi ake ci a Kirsimeti, da shi ake ɗaukar hoto, shi ake ƙara wa nauyi a wajen hira. Tarwaɗa na biye da shi. A can ƙasa, bayan an gama lissafa kowa, sai kifin rana, wanda bai wuce tafin hannun yaro ba. An ce daga Amurka aka kawo kakanninsa don ado a gidajen masu hali, wani ya gaji da su ya juye a ruwa. Kyau kam yana da shi: tsanwa, shuɗi, ruwan goro, da jan ɗigo a gefen kai kamar an yi masa kwalliyar biki. Amma yana cin ƙwan sauran kifi, yana sace tanar da aka ɗana wa manya, kuma ƙayarsa ta fi namansa yawa. Mai fatsa in ya kama shi sai ya zage shi, ya cilla shi kan ciyawa, kyanwoyi su zo su kwashe. Mutumin da aka ji yana cinsa, ɗayan biyu ake zato: ko aljihu ya huje, ko kai ya fara taɓuwa. Vince yana karɓar fansho, kowa ya sani. Saura ɗayan ke nan.

Abin da ya ƙara wa labarin gishiri shi ne wanene Vince. Ubansa masunci ne a zamanin da komai na gwamnati ne, har kifin da bai ƙyanƙyashe ba. Vince ya tashi a cikin kwale-kwale, amma tun yana saurayi aka gane dokar su ta fi burge shi a kan sun kansa. Aka ba shi aikin gadin ruwa, da hula, da keke, da sandar awon kifi. Ya yi shekara talatin da 'yan kai yana zagaya gaɓa, yana duba takardun masu fatsa, yana leƙa bokitai, yana mayar da ƙananan ponty ruwa a gaban masu su. Ba ya karɓar ko kofin barasa. Mutane suna girmama shi ƙwarai, ba sa gayyatarsa biki sai in ba yadda za a yi.

Labarinsa da aka fi sani na watan Mayu ne. A watan nan ponty ke zuba ƙwai, doka ta hana a fitar da shi daga ruwa. Shekarar da aka haifi Tünde, Kálmán, wan matarsa Jolán, ya kamo wani ƙato don bikin baftismar jaririyar, ya shigo da shi gidan a jiƙaƙƙen buhu yana murmushi. Vince ya dubi kalanda, ya karɓi buhun, ya hau keke, ya mayar da kifin ruwa da ransa, ya dawo ya ƙwace sandunan fatsar surukinsa. Baƙi suka ci taliya da kabeji. Kálmán bai sake yi masa magana ba sai a jana'izar Jolán, nan ma sannu kawai ya ce. Tünde ta girma tana jin labarin a kowane taron dangi, tun tana jin kunyarsa har ta koma alfahari da shi.

Da ya yi ritaya sai ya samu damar zama a gaɓa kamar kowa, kuma ya kama manya, ba laifi. Bazarar da ta wuce ta waccan ne wani ponty ya haɗiye masa masara, ya ja, shi ma ya ja, sai ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama kamar tsohuwar igiya. Ya yanke zaren da hannun hagu, ya zauna kan ciyawa har gumin ya bushe. Bai gaya wa kowa ba. Ya rataye manyan sandunan a rumfa, ya koma fita da 'yar siririyar gora da gwangwanin tana. Abin da ke amsa wa 'yar gora da tana a wannan ruwa kuwa sananne ne.

Doka ce ta sa shi cin kifin rana, kamar yadda ta sa shi yawancin abin da ya yi a duniya. Sabuwar doka ta ce baƙon kifi irin wannan, in an kama shi, ba a mayar da shi ruwa. Barinsa ya ruɓe a gaɓa kuma ƙazanta ce da shi kansa ya sha yi wa mutane faɗa a kanta. Ya riƙa kai wa kyanwar Etelka har ta ƙoshi ta fara kau da kai. Wata rana ya tsaya da bokiti a tsakar gida, ba wajen kai shi, sai ya tuna yadda Jolán ke yi da ƙananan kifi masu ƙaya: a tsattsaga jikinsu da wuƙa daga wuya zuwa wutsiya, tsaga dab da tsaga, a birkiɗa a fulawa da garin jan tattasai, a jefa cikin kitse mai zafi, wutar ta cinye ƙayar. Ya gwada. Abin haushi, sai ya ji daɗi. Naman fari ne, ba ya ƙarnin laka kamar na ponty. Ya ci tara a tsaye, yana waiwayen taga.

Yanzu ga Lahadi ta matso. Ranar Juma'a da dare bai yi barcin kirki ba, da gari ya waye ya yanke shawara: Tünde za ta tarar da ponty a gidan ubanta, kamar yadda ta saba. Ya ɗauki bokitin kifin ranan da ya kamo jiya, ya kai bayan rumfa ya rufe da katako. Ya hau bas zuwa garin kasuwa, inda ake sayar da kifin gona a kowane wata na shekara.

"Baba Vince, kai da kanka?" in ji mai kifi. "Ruwanku ne ya ƙafe, ko kama ni ka zo yi?"

"Baƙuwa gare ni."

"In buge shi, ko da rai?"

"Da rai. Ba wancan ba, ya cika fari. Ba ni mai duhun baya."

"Wanda bai yi kama da na saye ba ke nan. Kada ka damu, Baba, rabin gwanayen gundumar nan a wurina suke kamu."

Vince bai yi dariya ba. Ya dawo da jakar tana motsi tsakanin ƙafafunsa, ya tara ruwa a bahon wanka, ya saki kifin. Sa'an nan ya shiga shirin jarrabawa. Ya share gida, ya zubar da tsohuwar madara, ya jera magungunansa bisa tsari, ya duba makunnin gas ya sake dubawa. Ya maimaita sunayen jikokinsa da ajin kowanne. Ya haddace kwanan wata, don ya ji an ce da shi likitoci ke farawa. Ya gwada ɗaga butar shayi da hannun dama ba tare da ya yamutsa fuska ba, ya ga zai iya in ba a cika ta ba.

Tünde ta iso kafin tsakar rana, da kek da ruwan lemo. A kantin magani take aiki, tana da irin kallon mutanen da suka saba karanta ƙananan rubutu. Ta sumbace shi a kumatu biyu, ta ce ya rame, ya ce rigar ce ta yi masa yawa. Ta buɗe firij kamar mai neman ruwa, ta shinshina madara, ta shafa murhu. Vince yana biye da ita, yana ba da amsar tambayoyin da ba a yi masa ba. Komai ya tafi daidai har ta shiga banɗaki wanke hannu.

"Baba, wannan fa?"

Ya yi niyyar ya ce ponty ne, ya tsaya nan. Amma ya ga yadda fuskarta ta saki, irin sakin da bai gani ba tun rasuwar uwarta, sai bakinsa ya ci gaba ba da izininsa ba.

"Naki ne. Jiya na kamo shi."

"A ina?"

"Can kwanar manyan bishiyoyi. Da masara. Ya ba ni wahala, amma na fi shi taurin kai."

"Jiya."

"Jiya da safe."

Ta goge hannunta a hankali, ta zauna a bakin bahon. Kifin ya juya, ruwa ya fantsamo mata a siket, ba ta kula ba.

"Baba, wane wata muke ciki?"

"Mayu," in ji shi nan take, har da ɗan jin daɗi, don tambayar da ya shirya wa ce ta fito. Sai da kalmar ta fita ya ji ta da kunnensa.

Ya dafa bakin ƙofa. In ya tsaya a kan maganarsa, to Vince Bakos, wanda ya ciyar da baƙin baftisma kabeji, ya fitar da ponty daga ruwa a watan Mayu bai sani ba, ba sai an kira likita ya faɗi ma'anar wannan ba. In ya janye, sai ya faɗi dalilin da ya sa mai gadin ruwa ya shiga bas ya sayo kifi, kafaɗa ta fito fili. Ko kai, ko jiki, kowanne ya ishi hawa na bakwai. Akwai kuma abu na uku da ba zai faɗa wa kowa ba: jiya tun safe har dare, a kasuwa, a bas, a bakin bahon nan, yana haddace kwanan wata, ko sau ɗaya watan bai haɗu da kifin a kansa ba. Shi da a da yake jin shigowar Mayu a jikinsa kafin ya dubi bango.

"Saye na yi," ya ce.

"Kai ka sayi kifi."

"A kasuwa. Na gona ne."

"Baba, kada ka gyara magana don ka ga na tsorata. Gara ka gaya mini ka manta."

"Na ce miki saye na yi, 'yar nan."

Ba ta yarda ba. A rayuwarta ba ta taɓa ganin ubanta ya yi ƙarya ba, ba ta kuma taɓa ganin ya sayi kifi ba, yanzu an ce ta karɓi duka biyun a lokaci guda. Dole Vince ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba: ya fita tsakar gida ya kira Etelka ta ba da shaida. Bai sha wahalar kira ba, tana nan a bakin shinge tana cire ciyawar da babu ita.

"Gwaggo Etelka, jiya kin ga Baba ya fita?"

"Na gan shi ya sauko daga bas da jaka, jakar tana motsi, yana mata magana."

"Ba magana nake mata ba," in ji Vince.

"To waƙa kake mata? Bakinka na motsi."

"Na gode, Etelka. Ya isa."

"Ka ga ranar rediyo ke nan."

Suka koma kicin. Tünde ta ce ya ɗaga hannunsa na dama. Ya ɗaga, hannun ya tsaya daidai kunne. Ta tambayi tun yaushe, ya faɗa mata. Ta shiga murza zoben hannunta, shi kuwa yana kallon tagar da ake hango kyauron bakin ruwa ta cikinta, kamar mai ƙoƙarin ɗibar abin da zai tafi da shi.

"Kafaɗa ana gasa ta, akwai masu aikin," ta ce daga baya. "Ba ita ke hana ni barci ba. Kuma ban damu da abin da mutane ke cewa ba, ka ci kwaɗi ma in ka ga dama. Ƙayar nake tsoro. Kana nan kai kaɗai, ta maƙale maka a wuya, Gwaggo Etelka tana can gaban talabijin. Wa zai sani? Kifin nan ba shi da naman da ya kai a mutu a kansa."

"Ba ƙaya in an tsaga shi daidai. Uwarki haka take yi."

"Mama hannunta ba ya rawa."

"Nawa ma ba ya yi."

"Suna ina?"

Ya yi kamar bai gane ba.

"Baba, na san ka. Ba ka mayar da su ruwa ba, doka ta hana. Ba ka zubar ba. Ɗauko su, ka yi a gabana."

Ya je bayan rumfa ya ɗauko bokitin. Ya kankare su, ya fasa ciki, ya yanke ƙayoyin gadon baya da almakashi, ya jera su kan katako. Tünde ta jawo kujera ta zauna dab da gwiwar hannunsa. Bai taɓa sanin wuƙa na da nauyi ba sai yau. Kowace tsaga sai ta nutse har ta taɓa ƙashin baya, a ji ɗan ƙaras na ƙayar da ta karye, ta gaba kuma ta sauka kusa da ita kamar haƙoran matsefi. Na farko ya fita tsaf. A na uku gumi ya fara gangaro masa ta bayan kunne. A na biyar kafaɗar ta fara magana, ya matse gwiwar hannun a haƙarƙarinsa ya ci gaba, yana ba ta labarin shamuwar da ta dawo kan turken lantarki don ta ɗago ido. Ba ta ɗago ba.

Kitse ya yi zafi, kifin ya shiga yana ƙara, tsagogin suka buɗe, kicin ya cika da ƙamshin tattasai. Ya juye su a faranti da burodi da kokwamba mai tsami. Ya miƙa hannu zai ɗauka, ta janye farantin gabanta.

"Ni zan fara."

Ta ɗauki ɗaya da yatsu, ta gatsa daga wutsiya, ta tauna a hankali kamar mai neman tsakuwa a shinkafa. Vince bai zauna ba. Idonsa na kan muƙamuƙinta. Ta cinye, ta bar ƙashin baya da kai, ta ɗauki na biyu, har ta ƙara gishiri, ya ɗauki wannan alama ce mai kyau. A na uku taunar ta tsaya. Ta kai yatsa biyu bakinta, ta zaro wani abu, ta sauke hannun ƙarƙashin tebur, ta goge a siket. Ta yi shi da sauri, tana kallon taga. Ya gani. Bai san ko ta san ya gani ba.

Ta ɗauki na huɗu.

"Yana da daɗi," ta ce. "Abin kunya ne, amma yana da daɗi."

"Na gaya miki."

"Ga yadda za a yi. Kafaɗar nan za a kai ta a duba, ba gardama. Ka zauna a gidanka zuwa kaka, mu gani. Amma ba za ka sake cin kifin nan kai kaɗai ba. Duk ranar da ka soya, Gwaggo Etelka za ta zo ta zauna, ku ci tare. Ranar da na ji ka ci ba ta nan, zan zo da akwati."

"Etelka ba za ta ci ba. Ta ce abincin kyanwa ne."

"Zan yi mata magana."

Ta yi mata a bakin shinge. Etelka ta ce ita ba ta haukace ba tukuna, zama za ta yi ta sa masa ido kawai, da burodinta a hannu. Daga nan ta tambaya ko akwai saura a farantin, don tana so ta san abin da za ta riƙa ƙi. Tünde ta tafi da yamma, da ponty a bayan mota don mijinta, bayan ta sa uban ya rubuta sunan kasuwar a jikin jakar ko da wani mai gadin ruwa zai tare ta a hanya. Shi ya kawo shawarar.

Da ƙarar motar ta ɓace, Vince ya koma kicin. Kifi biyu sun rage a faranti, sun huce. Ya sa tabarau, ya kai su bakin taga inda haske yake, ya bi tsagogin da farce tun daga wuya. A sama sun jeru kamar na Jolán. Daga tsakiya zuwa wutsiya sai suka fara nisa da juna, a wani wuri ma wuƙar ta tsallake faɗin yatsa guda, ga ƙaya nan kwance lafiya lau, fara, wuta ba ta taɓa ta ba. Ya duba ɗayan. Haka.

Ya tsaya yana kallonsu. Sa'an nan ya yanke hukunci cewa wuƙar ce ta dakushe. Ya ɗauko dutse, ya ɗiga masa ruwa, ya zauna a bakin ƙofa yana wasa ta. Da ya gwada ta a gashin hannunsa ta aske tas tun a jan farko, amma ya ci gaba da wasawa.